Shafen Yaya Kulu

Duk wanda ya san yayata Kulu ya san ba ta iya roƙo ba. Ni Mero, ni ce mai baki a gidanmu. Tun muna yara, in ana son a karɓo wani abu a hannun mutum ni ake turawa, ita kuwa sai ta tsaya daga nesa tana murza bakin mayafi. Shi ya sa ranar da labari ya iso Kwandiko cewa sunanta ya fito cikin waɗanda gwamnati za ta ba haya a sabbin gidajen nan na bayan Birnin Kudu, ni na fara rangaɗa guɗa. Ita tana zaune tana kallona kamar an kawo mata labarin rasuwa.

Ba ƙin gidan take yi ba, tsoro ne irin na wanda ya daɗe bai ga alheri ba. Mijinta, Malam Yahuza, gadin wata makaranta ya yi a Birnin Kudu har Allah Ya karɓi abinsa, ta nan sunanta ya shiga cikin na matan ƙananan ma'aikata. Da ta gama takaba ta dawo gidan gadon mijin a Kwandiko da 'yan matanta, Bara'atu da Khuzaima. Damina ta zo ta kwantar da ɗakinta, ƙanin mijin, Hadi, ya ba su ɗakin da yake ajiye hatsi. Nan suke kwana tsakanin buhuna. Hadi ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, amma ɗansa zai yi aure bayan salla, kuma kusan kullum sai ya leƙo ɗakin nan ya auna shi da ido, ya gaishe su ya wuce. Yaya Kulu ta fahimci kallon tun ranar farko.

Ni na raka ta karɓar makulli. Gidajen a jere suke a gindin duwatsu, kowanne kamar ɗan'uwansa: ɗaki biyu, ɗan tsakar gida, banɗaki, rufin kwano. Bangon bulo ne tsirara, in ka goga hannu sai ya yage maka fata, ƙasan ɗakunan kuwa tsakuwa ce da ɓurɓushin siminti. Amma ƙofar ƙarfe ce, tana da makulli, kuma ba wanda zai leƙo ya auna ta da ido.

Ma'aikacin da ya kai mu sunansa Malam Munzali, saurayi ne mai fara'a, ga biro a aljihu. Ya dube mu, ya dubi silifas ɗinmu da ƙurar hanya, sai ya sassauta murya yana magana a hankali yadda ake yi wa kurma.

"Inna, kin ga gidan nan? Gwamnati ta gina, ta rufa, ta sa ƙofa. Abin da ya rage naki ne. Bayan salla manyan baƙi za su zo daga Dutse su buɗe unguwar nan. Kafin su zo, kowa ya yi wa gidansa shafe, ciki da waje, a gyara daɓe, ya yi fari fes. Wanda bai yi ba, za a karɓi makulli a ba na bayansa, don masu jira sun fi gidajen yawa. Kin gane ko?"

"Na gane, Malam," in ji Yaya Kulu.

Muna fita ta kama hannuna ta matse. A karon farko na ga haƙoranta tun rasuwar mijinta. Ta ce, "Mero, shafe fa ya ce. Shafe kawai."

Dole ta yi murna. A Kwandiko in za a yi wa amarya ɗaki, Yaya Kulu ake kira. Ita ta san lakar da ba ta tsagewa, ta san yawan ƙaiƙayin da ake zubawa, ta san yadda ake jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, ta yi ƙarfi. In ta bi bango da tafin hannunta ta ɗora farar ƙasa, sai ka rantse ƙwai aka fere. Ashe duk faɗin duniyar nan abin da gwamnati take nema a wurinta shi ne abu ɗaya da ta fi kowa iyawa. Muka dawo gida muna ta yi wa gwamnati addu'a a cikin mota, har wani dattijo ya juyo ya tambaye mu ko an rage kuɗin taki ne.

Tashin ne ya fara nuna mana haƙora. Sulaimanu mai a-kori-kura ɗan ƙawarmu ne, a gabanmu ya girma, amma da ya faɗi kuɗin kai kaya Birnin Kudu sai da na tambaye shi ko Makka zai kai mu. Ya rantse mini da Allah mai ne ya cinye, ya nuna mini tankin kamar zan ga wani abu a ciki. Na yi masifa, na tuna masa har goyon da na yi masa, ya rage abin da bai taka kara ya karya ba. Akuyoyin Yaya Kulu biyu suka tafi kasuwa, ba su dawo ba.

Aka loda gadon ƙarfen da babarmu ta yi mata na aure, da kwanukanta, da turmi, da katifa, da tabarmi. Aka ɗora buhunan gyaɗa, waɗanda su ne jarinta, don da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take ciyar da 'yan matan nan. A can sama aka kife babban kaskon suya, aka ɗaure shi da igiya. Mu kuma muka hau kan kayan, mu da matan da suka zo gayya, wasu daga unguwarmu, wasu daga Dingaya, dangin mahaifiyarmu, kowa da madaɓinta na dukan daɓe a hannu. Ba mu bar ƙofar gida ba na hango Hadi ya shigo da magini yana nuna masa inda za a fasa taga.

Kwanakin da muka yi muna aikin nan, ban taɓa jin daɗi irinsu ba, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani mai amalanke mutumin Surko ya yi ta ɗebo mana laka daga kududdufin bayan unguwa, muka biya shi. Muka sayo farar ƙasa a kasuwa, muka biya. Jar marmara ta daɓe, muka biya. Ga abincin 'yan gayya, ga goro, don ba a tara mata a bar su da yunwa. Yaya Kulu tana kwance bakin zani tana biya, ba ta ko ƙorafi, tana cewa ai sau ɗaya ne.

Muka cuɗa laka da ƙafa, muka cike duk ramukan bulon nan, muka bi da hannu har ya kwanta. Muka baza marmara a ƙasa, muka yayyafa ruwan makuba, muka jeru a durƙushe muna dukanta da madaɓi, ana waƙa ana amshi, ana tsokanar wata Ummussalma da mijinta ya hana ta zuwa ta fito ta bayan danga. Bara'atu da Khuzaima suna faɗa a kan wadda za ta kwana ta wajen taga. Da bango ya sha iska Yaya Kulu ta dama farar ƙasa ta bi shi, ta ja layin makuba daga ƙasa daidai gwiwa, a miƙe kamar da zare aka ja.

A gidajen da ke gefenmu magina ne suke ta kwaɓa siminti. Mun gan su, ba makafi ba ne mu. Mun ɗauka kowa da irin ƙarfinsa ne, mai kuɗi ya yi shafen siminti, talaka ya yi na hannu, duk dai a yi fari. Ɗaya daga cikin maginan, wani dogo da ake kira Ɗan'auta, yakan leƙo ta kan katanga ya ce, "Sannunku da aiki, iyayenmu," ya koma su yi ta dariya. Mun zaci waƙarmu ce take ba su dariya, har muka ƙara ɗaga murya. Da ya buɗe baki ya faɗa mana kalma ɗaya tak, da ban tsane shi ba.

'Yan gayya suka koma gida sharar gona, ni na tsaya taya ta jere. Mun kafa gado, mun jera kwanuka, gidan yana ƙamshin sabuwar ƙasa, sai ga Malam Munzali da sallama, yana zagayen duba aiki. Yaya Kulu ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma da rawar jiki. Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi bango, ya dubi ƙasa, ya kai yatsa ya karci bangon, farar ƙasa ta biyo farcensa.

"Inna lillahi," ya ce. "Inna, mene ne wannan?"

"Shafen ne, Malam. Ko bai yi fari ba? Akwai sauran farar ƙasa, sai in ƙara bi."

"Laka kuka yaɓa wa ginin gwamnati?"

Na ce, "Kai ka ce a yi shafe."

"Filasta nake nufi, Baba! Filasta da fenti! Siminti, a bi da fenti fari. Haka na faɗa wa kowa."

"Kowa ka faɗa wa filasta, mu ka ce mana shafe. Ni kurma ce? Ina tsaye a nan ka faɗa."

Ya share gumi. Ya ce, "Na ga ku mutanen ƙauye ne, na ce bari in faɗa muku da Hausar da za ku gane."

Wallahi da ba don Yaya Kulu ta riƙe mini mayafi ba, da na faɗa masa maganar da zai kai wa matarsa. Wato a ƙauye ba mu taɓa jin fenti ba? Masallacin Juma'armu da miyar kuka aka shafe shi? Tausayinmu ya ji, ya sauko mana da magana ƙasa, ya saukar da mu cikin rami. Na faɗa masa haka, na ƙara da wasu. Ya tsaya yana saurare kansa a ƙasa, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, don na fi son ya yi musu in samu wanda zan yi faɗa da shi.

Da na gaji ya ce, "Ku yi haƙuri. Kuskure ne, kuma da nawa a ciki. Amma ni ɗan aike ne. In injiniya ya ga wannan, ba makulli kaɗai zai karɓa ba, cewa zai yi an ɓata gini. Siminti ba ya kama laka. Sai an kankare ta tas, a wanke bulon, a haƙe daɓen nan, sannan a yi filasta a yi fenti. Zan ja bakina in yi shiru har ku gama, iyakar abin da zan iya ke nan."

Yaya Kulu ta ce, "To, Malam. Mun gode."

Godiya fa ta yi masa. Ya tafi, ta naɗe tabarmar, ta jingine ta, ta zauna a bakin gado ta yi tagumi. Ni na yi kukan, ita ko hawaye ba ta yi ba.

Washegari muka fitar da kayan tsakar gida muka fara kankara. Ba 'yan gayya, ba waƙa. Wa za ka kira ya taya ka rushe abin da ya gina da hannunsa? Da fartanya muka yi, da tsohuwar wuƙa, da murfin gwangwani. Nan na gane illar gwaninta: da wata ce ta yi shafen, da kansa zai ɓamɓaro, amma na Yaya Kulu ya kama bulo ya ƙi saki. Daɓen kuwa ya yi tauri, sai da muka aro diga. 'Yan matan suna kwashe ƙasa a kwano suna zubarwa a bayan gida, hannuwansu duk sun yi kanta. Khuzaima, ƙaramar, ta tambayi uwarta ko laifi suka yi. Uwar ta ce mata ta yi aikinta.

Sai neman kuɗi. Na koma Kwandiko na sami maigidana, ya juye mini aljihunsa, kuɗin iri ne, kuma na san in na ɗauka bana ba mu da gona, sai na bar masa. Na je wurin Hadi. Ya yi salati, ya jajanta, ya ce hidimar biki ta sha kansa, ya kawo kwanon gero ya ba ni. Na leƙa ɗakin hatsin da zan fita, an fasa taga, an yi masa fenti shuɗi, har an rataya labule. Uwar adashinmu ta ce kwasar Yaya Kulu sai bayan kaka, kuma wadda ke kan layi aurar da 'ya za ta yi. Kowa da uzurinsa, kuma abin haushin, duk gaskiya suke faɗa.

Na koma Birnin Kudu da kwanon geron nan kawai, na tarar Yaya Kulu ta je ofishin gidajen da ƙafarta, ita kaɗai, ta roƙi a ƙara mata lokaci zuwa kaka. Ta wuni a kan benci. Aka ce mai sa hannu ya tafi Dutse, kuma ko yana nan ranar buɗewa ba a hannunsa take ba. Da take ba ni labari ba ta ɗago ido ba, ta ce, "Ban ma san yadda ake farawa ba, Mero. Na gaishe su, na sake gaishe su."

Magini kuma ba wanda muka samu sai Ɗan'auta, don duk sauran an kama su. Ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce wallahi shi ya ɗauka mun sani, wai ya zaci na wucin gadi muke yi. Na ce ya rufe mini baki ya faɗi kuɗinsa. Ya rage na hannunsa, ban hana shi wannan ba, amma siminti ba nasa ba ne, fenti ba nasa ba ne. Ranar da muka tambayi kuɗin buhu daban, ranar da muka je saye daban.

Gyaɗar ce ta fara tafiya. Yaya Kulu ta ce ba komai, in an kwana biyu za ta karɓi bashin wata gyaɗar ta juya. Kuɗin gyaɗar ya ishi ɗaki ɗaya da rabin na biyu. Sai aka kira dillaliya, wata mata mai zoben azurfa a kowane yatsa, ta zo tana ɗaga kwanukan ɗaya bayan ɗaya tana taɓe baki, wai yanzu an daina yayinsu. Ta kwashe. Ta dawo ta ɗauki gadon babarmu, wai ƙarfen kawai za ta saya. Kayan nan da muka sayar da akuyoyi don mu kawo su, ga su suna fita ta ƙofar da suka shigo, a kan kuɗin da bai kai na motar da ta kawo su ba. Katifa ta bi, turmi ya bi. Aka gama ciki, aka zuba simintin ƙasa, saura bangon waje da fenti, salla kuma ta wuce.

Da na ga ta jawo kaskon suya tana goge shi da toka, na tare ƙofa.

"Yaya, ba za a sayar da wannan ba. Da me za ki biya haya? Da me za su ci?"

"In babu gidan, a ina zan kafa shi?" ta ce. "A ɗakin amaryar Hadi? Ko a naki, ku da yaranki da surukarki?"

Ni, mai baki, na sauke hannuna daga ƙofar. Na matsa mata ta wuce. Wata mai ƙosai a bakin tasha ta saya.

Ana jibi baƙi za su zo Ɗan'auta ya wanke burushinsa. Gidan ya yi fari, fari irin na sauran, in ba ka ƙirga ƙofofi ba ba za ka gane na wa ne ba. Warin fenti ya hana mu cin abinci a ciki, ko da yake abincin ma geron Hadi ne muke damawa.

Ranar buɗewa muka yi wanka, 'yan matan suka sa kayan sallarsu, muka share ƙofar gida muka yayyafa ruwa, muka tsaya. Muka ji jiniya, muka ji maroƙa, muka hango motoci a bakin unguwa. Aka yanke ƙyalle, aka shiga gidan farko na layin farko, aka fito, aka tafa. Kafin Bara'atu ta gama gyara ɗankwalinta motocin sun juya. Layinmu ko ɗan sanda bai leƙo ba.

Bayan la'asar Malam Munzali ya biyo shi kaɗai. Ya leƙa ɗakunan, ya ga tabarma da buta da ƙullin tufafi a lungu. Na ga ya gane, don bai tambayi inda kayan suke ba. Ya ce, "Inna, gida ya zama naki, Allah Ya sa albarka." Ya juya zai tafi, sai ya waigo. "Haya kuma ƙarshen wata ake fara karɓa. Ba a so a tara."

"To, Malam," in ji ta.

Da ya tafi muka shiga ɗaki muka zauna a tabarma, muryarmu tana amsa-kuwwa. Gobe zan koma Kwandiko, an yi ruwan shuka, maigidana ya aiko. Ina son in ce mata wani abu, in ce za mu san yadda za a yi, amma na san ta san ƙarya ce. Bayana yana ciwo tun ranar diga, sai na ja jiki na kai kafaɗata ga bango.

Caraf ta riƙe hannuna ta jawo ni gaba.

Na ce, "Ai ya bushe, Yaya."

"Na sani," ta ce. Ta miƙa bakin mayafinta ta goge wurin da kafaɗata ta taɓa, ta duba, ta sake gogewa. "Kar dai ki jingina. In sun zo karɓa, kada su ce mun ɓata musu."